Gudawar Bakteriya da Garkuwar Hanji: Me Ya Sa Wani Ke Warwarewa, Wani Kuma Ya Galabaita?

Me ya sa mutanen gida ɗaya za su sha ruwan randa ɗaya, su ci abincin tukunya ɗaya, amma ƙaramin yaro ya galabaita cikin yini guda, yayansa ya zaga sau biyu ko uku ya warware, mahaifinsu kuwa ko murɗawar ciki bai ji ba? Wannan tambaya kan dawo bakin jama'a a Katsina duk shekara idan damina ta kankama, musamman daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwan kwata ke malala cikin rijiyoyi kuma maganar amai da gudawa ta cika gidajen rediyo. Amsar da aka saba bayarwa ita ce jinin wane ya fi ƙarfi, ko kuwa yaron haƙori yake yi. Akwai kuma tambaya ta biyu da ke biye da ta farko: idan har jiki yana da garkuwarsa, mene ne amfanin Flagyl da tetrasaikilin da ake rugawa kyamis a saya tun zawon farko?

Lamarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana samun gudawar yara kusan sau biliyan 1.7 a duk shekara a faɗin duniya, kuma tana hallaka yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 400,000. A Najeriya, ɓarkewar kwalara ta 2021 ta kai ga mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu, aka rasa rayuka sama da 3,000, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya shafa. Fahimtar abin da ke gudana a cikin hanji tsakanin ƙwayar cuta da ƙwayoyin garkuwa ita ce ke bayyana dalilin wannan bambanci tsakanin mutum da mutum, ita ce kuma ke nuna inda magani ke da amfani da inda yake ɓarna.

Gudawa alama ce, masu haddasa ta suna da yawa

A wurin likitoci, gudawa ita ce mutum ya yi bahaya mai ruwa sau uku ko fiye a cikin yini ɗaya. Abubuwan da ke kawo ta sun kasu: akwai bairas, irin su rota da ya fi addabar jarirai, akwai ƙananan halittu masu zama a hanji irin su amiba, sannan akwai bakteriya. Wani babban bincike da aka wallafa a 2013, wanda aka gudanar a wurare bakwai na Afirka da Asiya, ciki har da Mali da Gambiya, ya nuna cewa ƙwayoyin cuta huɗu ne ke da alhakin kaso mafi tsoka na gudawa mai tsanani a ƙananan yara: rota, kiriftosforidiyum (ɗaya daga cikin ƙananan halittun nan masu zama a hanji), Shigella, da wani nau'in E. coli mai fitar da guba. Biyu na ƙarshe bakteriya ne.

Su kansu bakteriyar ba hanya ɗaya suke bi ba. Wasu, kamar ƙwayar kwalara da wancan nau'i na E. coli, ba sa shiga cikin naman hanji. Sukan manne a samansa su zuba guba, gubar ce ke sa hanji ya riƙa tsiyayo ruwa. Wasu kuma, kamar Shigella da Salmonella da Kamfilobakta, sukan huda bangon hanji su shige ciki. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin duk bayanin da zai biyo baya, domin martanin ƙwayoyin garkuwa ga mai zama a waje daban yake da martaninsu ga wanda ya kutsa, kuma abin da ake gani a bahaya, ko ruwa zalla ko jini da majina, shaida ce ta irin martanin da aka yi.

Shingayen da ke gaba

Kafin bakteriya ta haɗu da ƙwayar garkuwa ko ɗaya, sai ta tsallake ruwan asid na ciki, wanda ke kashe mafi yawan abin da aka haɗiya. Ƙwayar kwalara ba ta jure asid, shi ya sa lafiyayyen baligi yakan haɗiyi miliyoyinta kafin ciwo ya kama shi. Shigella kuwa tana jurewa ƙwarai, har ƙwaya 10 zuwa 100 na iya isa, kuma wannan ne ya sa atini ke yaɗuwa cikin sauƙi daga hannu zuwa baki a gida mai yara da yawa. A nan akwai abin lura ga masu shan maganin gyambon ciki irin su omefrazol wata da watanni ba tare da likita ya duba su ba: rage asid na sauƙaƙa wa waɗannan ƙwayoyin cuta wucewa.

Bayan asid sai majinar da ke lulluɓe da hanji, sai kuma dubban biliyoyin bakteriya marasa cutarwa da ke zaune a ciki, waɗanda ke cinye abinci da mamaye gurbin da baƙuwar ƙwaya za ta so ta samu. A ƙarƙashin majinar ne bangon hanji yake. Faɗinsa, idan aka shimfiɗa dukkan lanƙwasarsa, ya kai kimanin murabba'in mita 30, amma kaurinsa layi ɗaya ne tak na ƙwayoyin halitta, kuma jiki kan sauya su da sababbi duk bayan kwana uku zuwa biyar. A cikin wannan layi akwai ƙwayoyin Paneth, waɗanda suka samo sunansu daga likitan Austiriya Joseph Paneth da ya yi bayaninsu a 1888, kuma aikinsu shi ne fitar da sinadarai masu fasa jikin bakteriya.

Bangon bai toshe gaba ɗaya ba. Kamar yadda ganuwar Katsina ta kasance da ƙofofi irin su Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Sauri, inda ake ganin mai shigowa a san ko wane ne, haka hanji ke da ƙwayoyin M, waɗanda da gangan suke ɗauko ɗan abin da ke wucewa su miƙa wa ƙwayoyin garkuwar da ke jibge a ƙarƙashinsu. Waɗannan wuraren taruwa, da suka fi yawa a ƙarshen ƙaramin hanji, ana kiran su da sunan Johann Peyer, masani ɗan ƙasar Suwizalan da ya bayyana su a 1677. Matsalar ita ce Shigella da Salmonella ta wannan hanya suke shiga.

Sa'o'in farko: makrofej da nutrofil

Ƙwayar garkuwa ta farko da mai kutse ke tararwa ita ce makrofej, wata babbar ƙwaya da ke zaune dindindin a naman hanji tana haɗiye duk abin da ya ratso bango. Élie Metchnikoff ne ya fara lura da wannan haɗiya a 1882, kuma ya samu lambar yabo ta Nobel a 1908. Makrofej ba ta buƙatar ta taɓa ganin wata bakteriya kafin ta gane ta, domin tana ɗauke da na'urorin ganewa da ke kama alamomin da bakteriya da yawa suka yi tarayya a kansu, kamar wani sinadarin kitse da sukari da ke jikin fatarsu ta waje, da kuma furotin na wutsiyar da suke iyo da ita. Da ta gane su, sai ta saki sinadaran saƙo, waɗanda ke buɗe ƙananan jijiyoyin jini na wurin, su kira taimako, wasunsu kuma su isa ƙwaƙwalwa su ɗaga zafin jiki. Zazzaɓin da ke tare da atini daga nan yake.

Masu amsa kiran su ne nutrofil, waɗanda suka kai rabi zuwa kashi 70 cikin 100 na fararen ƙwayoyin jinin baligi, kuma ɓargo na ƙera kimanin biliyan 100 a kullum. Sukan fito daga jini cikin sa'o'i, su haɗiye bakteriya, su ƙona ta da sinadarai masu ƙarfi. A 2004, masana a birnin Berlin na Jamus suka nuna cewa nutrofil na iya watsa zaren gadon halittarta waje ya zama raga mai kama bakteriya.

Labarin Shigella, wadda masani ɗan Japan Kiyoshi Shiga ya gano a 1897, shi ya fi nuna amfani da illar wannan martani a lokaci guda. Idan makrofej ta haɗiye ta, ba ta mutuwa. Sai ta fasa jakar da aka kulle ta, ta kashe makrofej ɗin, ta shige ƙwayoyin bangon babban hanji ta ƙasa, tana tsallakawa daga wannan zuwa waccan ba tare da ta fito fili ba. Mutuwar makrofej kan tayar da kira mai ƙarfi, nutrofil su kwararo da yawa, kuma a ƙoƙarinsu na isa ga abokiyar gaba sukan yayyaga bangon da kansu. Jini da majina da mugunyar da ake gani a bahayar mai atini, da yunƙurin da yake ta yi ba abin da ke fita, babban kasonsu aikin nutrofil ne. Amma kuma su ɗin ne ke gamawa da Shigella, domin ba ta iya kuɓuce musu kamar yadda take kuɓuce wa makrofej. Wato kumburin da ke wahalar da majiyyaci shi ne kuma ke hana cutar shiga jini.

Ƙwayoyin MAIT da 'yan uwansu

A shekarun baya-bayan nan hankalin masana ya karkata ga wasu ƙwayoyin garkuwa na musamman da ke cike giɓin da ke tsakanin martanin gaggawa da martanin da ke ɗaukar kwanaki. Mafi ban sha'awa a cikinsu su ne ƙwayoyin MAIT, wani reshe na ƙwayoyin T (rukuni ne na fararen ƙwayoyin jini) da ke da yawa a hanji da hanta da jini. Tawagar Olivier Lantz a Faransa ce ta yi fice wajen bayyana su, amma an daɗe ba a san abin da suke ganewa ba, sai a 2012 da masana a birnin Melbourne na Ostireliya suka warware matsalar. Bakteriya da yawa, ciki har da E. coli da Salmonella da Shigella da ƙwayar kwalara, suna ƙera bitamin B2 da kansu. Jikin ɗan Adam ba ya ƙera shi, daga abinci yake samu. Saboda haka duk inda aka ga ɓurɓushin sinadaran da ke fita a yayin ƙera wannan bitamin a cikin naman jiki, alama ce tabbatacciya cewa akwai baƙuwar halitta a wurin. Ƙwayar bangon hanji da ta kamu takan ɗora wannan ɓurɓushi a kan wani furotin mai suna MR1 ta baje shi a samanta, ƙwayar MAIT kuma ta gane shi nan take.

Abin da ke biyo baya iri biyu ne. Na farko, MAIT na iya kashe ƙwayar bangon da ta kamu tun bakteriyar ba ta tsallaka maƙwabciya ba, kuma an nuna haka a ɗakin gwaji da ƙwayoyin da Shigella ta shiga. Na biyu, tana sakin sinadaran saƙo da ke ƙara wa makrofej ƙarfin narkar da abin da ta haɗiya da kuma kiran ƙarin nutrofil. Fifikonta shi ne ba ta jiran a koya mata. Da yawanta a shirye suke tun kafin cuta ta zo.

Sai dai ba a haihuwar mutum da su da yawa. Jariri yana da kaɗan ƙwarai, sukan ƙaru sannu a hankali a tsawon ƙuruciya yayin da hanji ke cika da bakteriyarsa ta gida, su kai ƙololuwa a shekarun samartaka, su sake raguwa da tsufa. Wani bincike da aka yi a kan masu kwalara a birnin Dhaka na Bangaladash, aka wallafa a 2014, ya ga cewa ƙwayoyin MAIT sukan motsa a makon farko na ciwon, kuma a cikin yara adadinsu a jini ya faɗi ya daɗe bai dawo ba, alhali a manya bai yi irin wannan faɗuwa ba. Binciken ya kuma ga alaƙa tsakanin ƙwayoyin MAIT da ƙarfin antibodin da majiyyaci ya samar, wato furotin da jiki ke ƙerawa don kama wata ƙwayar cuta takamaimai. Wannan ɗaya ne daga cikin dalilan da ke sa a ɗauki hanjin yaro a matsayin wanda garkuwarsa ba ta gama ginuwa ba.

Akwai kuma ƙwayoyin ILC3 da ƙwayoyin Th17, waɗanda aikinsu ya fi karkata ga bangon kansa. Sukan saki wani saƙo mai suna IL-22 da ke umartar ƙwayoyin bango su ƙara majina, su ƙara sinadaran kashe bakteriya, su hanzarta toshe inda ya yage. A gwaje-gwajen da aka yi da ɓeraye, waɗanda ba su da wannan saƙo sukan mutu da ciwon hanjin da takwarorinsu ke warkewa daga gare shi.

Makon da jiki ke buƙata

Duk waɗannan galibi na riƙe cuta ne. Kawar da ita da kuma tuna ta don gaba aikin wani rukuni ne, kuma yana da jinkiri. Ƙwayoyin dendiritik, waɗanda Ralph Steinman ya gano a 1973, sukan ɗauki guntun bakteriya su kai shi kaluluwar da ke kewaye da hanji, su nuna wa ƙwayoyin T da kuma ƙwayoyin B masu ƙera antibodi, har a samu 'yan ƙalilan da suka dace da wannan cuta takamaimai. Waɗanda aka zaɓa sukan hayayyafa, su zaga cikin jini, su dawo hanji su zauna suna ƙera antibodi mai suna IgA, wanda ake turawa cikin majina ya kama bakteriya da gubarta kafin su manne. Hanjin baligi na fitar da giram uku zuwa biyar na IgA a kullum. Abin da ke sanya wa waɗannan ƙwayoyi alamar komawa hanji, maimakon su ɓace a wani sashe na jiki, sinadari ne da ake samu daga bitamin A. Ɗigon bitamin A da ake ba yara 'yan wata 6 zuwa 59 duk bayan wata shida yana da hannu kai tsaye a wannan aiki.

Daga shigar cuta zuwa lokacin da sabon antibodi zai wadata, ana buƙatar kimanin mako guda. Bayan an warke, wasu ƙwayoyin sukan rage a matsayin masu tuni, ta yadda haɗuwa ta biyu ba ta ɗaukar wannan tsawon lokaci. Wanda ya warke daga kwalara yakan samu kariya ta shekara uku ko fiye. Magidancin da ya girma yana shan ruwan rijiya da na 'yan ga-ruwa ya haɗu da ire-iren waɗannan bakteriya sau da dama, kuma abin da ake kira ƙarfin jini galibi wannan tarin tuni ne. Ɗansa mai wata goma bai kai ga tara irin wannan tuni ba.

Akwai kuma ƙwayoyin T masu tsawatarwa, waɗanda ke hana garkuwa afka wa tuwo da fura da bakteriyar gida, kuma suke kwantar da kumburi idan an gama. Shimon Sakaguchi na Japan ya bayyana su a 1995, kuma yana cikin mutum uku da suka samu lambar Nobel ta fannin likitanci a 2025 kan wannan fage.

Kwalara da taifot: dabaru biyu mabambanta

Kwalara ba ta huda bango, don haka ba ta tayar da kumburi mai yawa, kuma galibi babu zazzaɓi mai zafi, babu jini. Gubarta ce ke shiga ƙwayoyin bangon ƙaramin hanji ta buɗe mafitar gishiri ta bar ta a buɗe, ruwa kuma ya bi gishirin. A ciwo mai tsanani baligi na iya zubar da kusan lita guda a sa'a, bahaya fari kamar ruwan wankin shinkafa. A nan ne lissafin lokaci ke zama batun rai da mutuwa: garkuwa na buƙatar mako, ƙarewar ruwan jiki kuwa na iya kisa cikin sa'o'i. Mai kwalara ba don garkuwarsa ta gaza yake mutuwa ba, lokaci ne bai ishe ta ba. Idan ba a yi magani ba, kwalara mai tsanani na iya kashe kashi 25 zuwa 50 cikin 100, idan kuwa an mayar da ruwa da wuri adadin kan sauka ƙasa da kashi ɗaya. Mafi yawan waɗanda ƙwayar ta shiga ma ba sa nuna alama, amma suna fitar da ita a bahaya na kwanaki, abin da ke sa bahaya a fili ya zama hatsari ga unguwa baki ɗaya. An kuma lura cewa masu rukunin jini na O sun fi saurin shiga hali mai tsanani idan sun kamu.

Ƙwayar taifot akasin haka take yi. Tana lulluɓe da wata riga da ke ɓoye alamominta, ta shige ta ƙwayoyin M ba tare da tayar da hayaniya ba, ta zauna a cikin makrofej ta mayar da ita abin hawa zuwa hanta da saifa da ɓargo. Shi ya sa alamunta kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin su bayyana, kuma zazzaɓi ne kan gaba, wani ma bushewar ciki yake yi maimakon gudawa. Wajen mako na uku, kumburin da ya taru a wuraren Peyer na iya huda hanji, kuma wannan na cikin abubuwan da ke kai yara ɗakin tiyata cikin gaggawa a asibitocin Arewa. Taifot na gaskiya dole ne a yi masa antibayotik, amma gwajin Widal da ake yawan dogara da shi, wanda ya samo asali tun 1896, auna antibodi yake yi, kuma mutumin da ya girma a inda cutar take yana iya nuna shi ba tare da yana ɗauke da ita yanzu ba.

Abin da ke raunana garkuwar yaro

Jariri na zuwa duniya da antibodin da ya samu ta mahaifa, wanda ke raguwa cikin watannin farko. Abin da ke rufe giɓin shi ne nonon uwa. Ƙwayoyin B da suka koyi cuta a hanjin uwa sukan yi ƙaura zuwa mama su zuba IgA a cikin nono, don haka jariri na shan kariya daga ainihin ƙwayoyin cutar da ke cikin gidan da yake zaune. Dakashi, nonon kwanakin farko da har yanzu ake matsewa a zubar a wasu gidaje, shi ya fi kowane ɗauke da wannan antibodi. Wannan ne tushen shawarar nono zalla na wata shida, ba tare da ko ruwa ba.

Batun haƙori kuwa haɗuwar lokaci ce. Wajen wata shida ne antibodin mahaifa ke ƙarewa, a fara ba yaro kunu da ruwa, ya fara rarrafe yana kai komai baki, kuma a daidai nan ne haƙori ke tsirowa. Hatsarin wannan fahimta shi ne takan sa a zauna a jira, alhali yaro na rasa ruwa.

Tamowa ita ce babbar matsala, kuma Katsina na cikin jihohin da ƙungiyar likitoci ta MSF ke kula da yara masu ita tun 2021. Ƙera nutrofil da antibodi da sabunta bangon hanji duk bayan 'yan kwanaki na cin furotin da zink da bitamin A. Yaron da ba ya samun su bangon hanjinsa kan yi siriri, gudawarsa ta daɗe, gudawar kuma ta hana shi tsotsar abinci, tamowar ta ƙaru. Ƙyanda na goge wani ɓangare na ƙwayoyin tuni, shi ya sa gudawa kan biyo bayanta. Cutar HIV kuma tun a farkonta take rage ƙwayoyin Th17 da MAIT.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu kyamis da iyaye da yawa suna da hujjarsu: asibiti na da nisa, ga kuɗin mota, ga rashin tsaro a wasu ƙauyuka, kuma an sha ba da Flagyl an ga gudawa ta tsaya. Hujjar nisa gaskiya ce, amma ta tsayawar gudawa ba ta da ƙarfi, domin mafi yawan gudawa mai ruwa kan tsaya da kanta cikin 'yan kwanaki idan garkuwa ta kammala aikinta, sai a ba ƙwayar da aka sha yabon da ba nata ba. Flagyl na aiki a kan ƙananan halittun hanji irin su amiba da jiyadiya, ba ya kashe ƙwayar kwalara ko Shigella ko E. coli, kuma babu antibayotik da ke taɓa rota. Abin da shansa barkatai ke yi shi ne rage bakteriyar gida da ke tare wa baƙi gurbi, da kuma haifar da ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani. Inda likitoci ke ba da antibayotik sananne ne: gudawa mai jini, taifot, kwalara mai tsanani bayan an fara mayar da ruwa, da yaro mai tamowa mai tsanani. Maganin tsayar da motsin hanji irin su loferamaid kuwa ba a ba ƙananan yara, ba a kuma ba mai gudawar jini ko zazzaɓi, domin yana tsare bakteriya a inda take ɓarna.

Wata muhawarar ita ce tsakanin rigakafi da gyaran ruwa. Rigakafin kwalara na ɗigawa a baki yana koya wa ƙwayoyin B da T na hanji cutar ba tare da ciwo ba, kuma an fara amfani da shi a Najeriya a jihar Borno a 2017. Amma kariyarsa ta 'yan shekaru ce, ta fi rauni a yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma ƙarancinsa a duniya ya sa tun Oktoban 2022 aka koma ba da zagaye ɗaya maimakon biyu a lokacin ɓarkewa. Rigakafin baki gaba ɗaya, har da na rota da Najeriya ta sanya cikin jadawalin yara a 2022, ba ya kamawa sosai a hanjin da ƙazantar muhalli ta riga ta kumbura. A ganina wannan ya isa ya nuna cewa ruwan famfo mai tsabta da masai ba abokan takarar rigakafi ba ne, sharaɗi ne na ingancinsa.

Abin da wannan ke nufi a cikin gida

Tunda abin da garkuwa ke nema lokaci ne, aikin farko shi ne mayar da ruwa. Gubar kwalara ba ta lalata hanyar da hanji ke shigar da gishiri tare da sukari, hanyar da Robert Crane ya bayyana a 1960, kuma a kanta aka gina ruwan gishiri da sukari. A 1971, likita Dilip Mahalanabis ya yi amfani da shi a sansanin 'yan gudun hijirar Bangaladash a Indiya, inda mace-mace suka sauka daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi huɗu. Ƙullin ORS na kyamis ya fi inganci, ana zuba shi a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. Idan babu, ana haɗa ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, a riƙa bayarwa kaɗan-kaɗan ko da ana amai. Ba a dakatar da nono, ba a hana abinci, domin da shi ake sake gina bangon hanji.

Asibiti ya zama dole idan an ga jini a bahaya, ko zazzaɓi mai zafi, ko idanu sun faɗa, maɗigar jariri ta lotsa, fitsari ya ɗauke, yaro ya kasa sha ko ya yi laushi ba ya kula kowa, ko kuma bahaya ya koma fari yana zuba ba ƙaƙƙautawa. Irin wannan ƙarin ruwa ta jijiya yake buƙata. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙara zink a cikin maganin gudawar yara: miligiram 20 a kullum ga wanda ya kai wata shida, miligiram 10 ga wanda bai kai ba, na tsawon kwana 10 zuwa 14. Ana ci gaba da ba shi ko da gudawar ta tsaya a kwana na uku, domin gyaran bango da cike gurbin ƙwayoyin garkuwar da aka rasa na ci gaba bayan bahaya ya daidaita, kuma yaron da ya kammala shansa ya fi samun kariya daga sake kamuwa a wata biyu zuwa uku masu zuwa.